Jirgin Yazid da Katangar Malam

Ranar da Lubna ta fara ganin Yazid, aikinsa ta riga gani kafin fuskarsa, kuma aikin bai burge ta ba ko kaɗan.

A shagon yayarta ne, nan Dutsin-Ma kusa da tasha, inda ake buga takardu da tace bidiyon biki. Tun da ta gama karatun kwamfuta can take wuni, sai ƙarshen mako ta koma gidansu a Kurfi. Da hantsi ya shigo, dogo, baƙi, da jaka a kafaɗa, yana sharce gumi kamar wanda aka biyo.

"Salamu alaikum. An ce mani nan akwai gwanin gyaran bidiyo."

"Wa alaikumus salam. Ka same shi."

Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman namiji. Sai da ya ga babu kowa sai ita da fanka, sannan ya ce, "Au, ke ce?"

"In ban yi maka ba, motar Katsina na nan tana lodi."

Kunya ta kama shi, ya yi dariya, ya zauna. Ya buɗe jakar ya fito da ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, wanda samari ke kira diron. Wani manomin rani ne a bakin dam ɗin Zobe ya sa shi ya ɗaukar masa gonarsa. A cikin memori, ɗan katin da jirgin ke ajiye abin da ya ɗauka, hoton tas yake, har ana ƙirga 'ya'yan tumatir. Amma da ya tace ya fitar, sai bidiyon ya kama ɗingishi, ganyen kuma ya dame ya koma kamar miyar kuka.

Lubna ta kalla sau ɗaya, ta girgiza kai.

"Jirginka ya ɗauko hoto talatin a kowane sakan, kai kuma ka fitar da shi a ashirin da biyar. Waɗanda ka zubar su ne suka sa shi ɗingishi. Yadda ka ɗauka, haka za ka fitar."

"To damewar fa?"

"Ka matse shi ne don ya yi sauƙin turawa. Ganye kowanne da motsinsa, yana son wuri. Ka ɗauko kayan buhu ka ce sai sun shiga leda, ai dole wani abu ya fashe."

Ta gyara masa a gabansa, tana nuna masa wurin da ake ƙara wa bidiyo nauyi. Shi kuwa bawan Allah, kai kawai yake gyaɗawa. Rabin bayanin bai shiga ba, don idonsa ba a kan allon yake ba. Da gonar ta fito shar, kore kamar a miƙa hannu a tsinko, ya ce, "Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ta ce amin ba tare da ta ɗago ba, amma ta ji addu'ar har cikin ranta.

Daga ranar, bidiyon Yazid bai ƙara lafiya ba. Yau kala ce ta koɗe, gobe sararin sama ne ya yi layi-layi, jibi kwamfutarsa ce ke nishi. Yayar Lubna ta ce, "Wannan jirgi naka ya fi mai shi laulayi." Kowa ya gane, har da wadda ake zuwa dominta.

Kwamfutar tasa kuwa da gaske tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar nauyin abin da jirgin ke kawowa. Lubna ta koya masa dabara: ya riƙa yin kwafi marasa nauyi yana aikin yanka da haɗi a kansu, in ya gama sai ya mayar da aikin kan ainihin ɗaukar kafin ya fitar. Ta ja masa kunne a kan wannan mataki na ƙarshe har sau ba adadi.

Wata ranar Juma'a tana cikin motar Kurfi saƙonsa ya shigo.

"Malamata, yau na tashi jirgi a kan dutse, na ga garin nan kaf, amma ban ga abin da nake nema ba. Ashe ya hau mota ya tafi Kurfi."

Ta danne murmushi saboda tsohuwar da ke gefenta, ta rubuta: "Direban sama, ka sauko ƙasa. Mai nema da gaske ƙofar gida yake zuwa, ba ta sama yake leƙe ba."

"Ki ba ni izini kawai. Wallahi tun ranar miyar kuka ban ƙara mallakar zuciyata ba."

"Na ba ka. Amma ka sani, Babana ba ni ba ne."

Ta faɗi gaskiya. Mahaifinta Malam Ashafa mutum ne mai makarantar Islamiyya a jikin gidansa, mai gona a hanyar Wurma, mai magana ɗaya. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma in ya ce a'a, sai dai a nemi wata maganar. Da kawun Yazid ya zo gabatar da shi, Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi sana'ar yaron.

"Jirgin nan da ke bi ta kan gidajen mutane?" in ji shi. "Mu da muka ta da katanga don mu suturta iyalinmu, sai wani ya zo ta sama? A ba ni lokaci."

Akwai wanda wannan amsa ta yi wa daɗi. Malam Zubair, ɗaya daga cikin malaman makarantar, ɗan Birchi, ya daɗe yana son Lubna. Bai taɓa faɗa mata ba, ya dai faɗa wa kowa.

Wadda ta tsaya wa Lubna ita ce Inno, mahaifiyar Malam, tsohuwa gajera mai kauri, mai kai fari fat, wadda bakinta ba ya jin tsoron kowa. Ita ta tare ɗanta ta ce, "Ashafa, ka gwada yaron nan mana. Mutum dai ba a sanin shi sai an ba shi amana." Da yake walimar saukar karatun ɗalibai ta matso, Malam ya kira Yazid ya ce ya ɗauki taron. Sharaɗi guda ya gindaya masa: idon jirgin kada ya faɗa cikin gidansa, ko da ƙiftawa ɗaya.

"Na yi alkawari, Malam."

"Ni ba na ganin abin da jirginka ke gani. Kai da Allah ne."

Aka yi walima lafiya. Filin makaranta ya cika, masu sauka sun sha fararen kaya, jirgi ya yi ta shawagi mutane na ɗaga kai. Da an bar abin a hannun Lubna, da labarin nan bai yi tsawo ba. Amma soyayya takan sa namiji son a ce ya iya. Yazid ya ƙudura shi kaɗai zai tace wannan, ya ba malamarsa mamaki. Ya yi kwafi marasa nauyi yadda aka koya masa, ya yanka, ya haɗa, ɗoki ya kwashe shi ya fitar da bidiyon a kansu. Ya duba a ƙaramar wayarsa ya ga kamar ba laifi, ya tura wa kwamitin makaranta. Daga nan aka yi ta miƙa shi waya zuwa waya, kowace ta ƙara matse shi, har ya koma dusu-dusu.

A cikin dusu-dusun nan Malam Zubair ya hango abin da zuciyarsa ke so. Ya yanko ɗan gutsure ya saki. Ga wata halitta nan zaune, gajera mai kauri, da ɗaurin ƙirji, kai fari fat ba kallabi, ga wani abu mai kama da katanga a gefe.

Kafin a yi haka Kurfi ta ɗauka: jirgin saurayin Lubna ya ɗauki Inno tsakar gida ba lulluɓi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ranar walimar da zafi ya yi zafi, Inno ta zauna tsakar gida ta cire kallabi tana shan iska. Lubna da idonta ta gan ta. Da aka nuna wa tsohuwar gutsuren, ba ta yi masifar da aka saba ba. Hawaye ta yi.

"Tun da maigidana malam babba ya rasu, wani namiji bai ga kaina ba. Yau ga shi a aljihun 'yan acaɓa. Ni da na tsaya mashi."

Malam Ashafa ya bari sai da aka yi sallar azahar. Ya kira Lubna ya ce, "Maganar yaron nan ta mutu." Ya juya ya shige.

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Baƙin cikinta biyu ne: ga hawayen Inno, ga shi ya yi aikin a ɓoye bai kawo mata ba, kamar mai abin ɓoyewa. Wayarta ta yi ta ƙara ta ƙi ɗauka. Sai saƙo.

"Lubna, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban kalli cikin gidanku ba. Ban san mene ne wannan a hoton ba, amma ba Inno ba ce."

"Me ya sa ka ɓoye mani aikin?"

"So na yi ki yi alfahari da ni. Wautata ke nan, ba ni da wata."

Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. Wannan karon ta buɗe gutsuren da idon mai sana'a. Gefen komai ya narke. Katanga da ƙasa, da yake duk jar ƙasa ce, sun haɗe sun zama abu guda, ba a gane ina ciki ina waje. Matsewar waya kaɗai ba ta yin wannan ɓarna. Ta san wannan cuta, ita ta koya masa hanyar kamuwa da ita.

"Ka mayar da aikin kan ainihin ɗaukar kafin ka fitar?"

Can sai ga amsa: "Innalillahi. Malamata, na manta."

"Ainihin na nan?"

"Yana nan, ban taɓa shi ba."

"Kada ka buɗe, kada ka goge komai. In ƙarya ka yi mani, da hannuna zan tona ka a gaban Babana. In gaskiya ka faɗa, da hannuna zan wanke ka."

"Na yarda, hasken idona."

Washegari da safe ta sami mahaifinta a zaure yana duba littafi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kai ka karantar da mu cewa in labari ya zo a bincika kafin a yanke hukunci. Abin da ke yawo kwafin kwafi ne. Ainihin yana nan. Ka bari in fitar da shi a gabanka. In Inno ce, ni da kaina na haƙura da shi har abada."

Malam ya ajiye littafin. "Kin san abin da kika ɗora a kai?"

"Na sani, Baba."

"To, bayan la'asar. A kira Zubairu, a kira liman."

Zauren ya cika fiye da yadda aka so. Liman na gefe, Malam Zubair na kusa da shi yana jan carbi da sauri. Yazid ya rakuɓe a bakin ƙofa, duk ya faɗa. Inno ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta gani da idonta, aka shimfiɗa mata darduma ta zauna cikin lulluɓi har goshi.

Lubna ta ɗora kwamfutarta a kan ƙaramin teburi. Ta karɓi memorin da aikin daga hannun Yazid, ita ma ba ta ga ainihin ba tukuna. Ta cire kwafi marasa nauyin nan ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa aikin da abin da jirgin ya ɗauko. Ta daidaita girman hoton da yawansa a sakan yadda aka ɗauke shi. Ta dawo da kalar da ta koɗe, ta buɗe wa bidiyon nauyi har iyaka. Sannan ta danna, wani ɗan layi ya fara tafiya a hankali.

"Mi yake yi kuma?" in ji Inno.

"Yana dahuwa ne, Inno."

"To Allah sa kada ya ƙone."

Ba wanda ya yi dariya. Da layin ya kai ƙarshe, Lubna ta yi bisimilla ta kunna, ta juya allon wajen mahaifinta.

Liman ne ya fara cewa masha Allah. Ga filin makaranta tas, ana gane fuskar kowane ɗalibi, har rubutun allunan ana iya karantawa. Jirgin ya zagaya taron, ya nufi bayan makaranta. Ga katangar gidan ta fito sarai da inuwarta. Ga bishiyar bedi a waje, inda masu girkin walima suka kafa tukwane. Ga kuma halittar nan zaune a gindinta, ta wajen katanga.

Ta tsayar da hoton, ta matso da shi.

Turmi ne. Tsohon turmin gidan, wanda aka fitar don dakan yaji. An ɗaura masa zane saboda kaji, an kifa masa farar ƙwarya a ka.

Inno ta matso har hancinta na neman taɓa allon, ta ja baya, ta yaye lulluɓin daga goshi.

"Zubairu."

"Na'am, Inno."

"Ni ce turmi? Duk garin nan an dube ni an dubi turmi, an rasa mai cewa ba ita ba ce? Kai da nike zuba ma fura da hannuna?"

Liman ya yi ta maza ya danne, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har rawaninsa na karkacewa, sauran suka biye masa. Lubna tana dariya tana share hawaye. Malam Zubair ya rasa inda zai sa kansa.

Malam Ashafa kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Ci gaba da shi."

Ta saki hoton. Jirgin ya wuce turmin, ya doshi katanga. Saura kaɗan ya kai, sai idonsa ya ɗaga sama cak. Babu komai a allon sai duwatsun bayan gari da farin gajimare. Haka ya tafi da kai a sama har ya ƙetare gidan gaba ɗaya, sannan ya sunkuyo a kan gonaki. Wannan wurin ne mai yanko gutsure ya bari a baya.

"Maido."

Ta maido. Ya sake kallo, ya ce a ƙara maidowa. Sannan ya juya wajen ƙofa.

"Yazidu, wa ya ce ka ɗaga?"

"Alkawarin da na yi maka ne, Malam."

"Akwai wanda ke tsaye kanka lokacin?"

"Babu."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi liman ya ce, "Ka shaida. Na zargi yaron nan a kan abin da ban tabbatar ba, ina neman afuwarsa. Wanda ya kau da ido daga gidana alhali ba mai ganin shi, shi ya cancanci in buɗe mashi ƙofar gidan. Ka ce wa magabatanka ina jiran su."

Yazid ya durƙusa ya kama hannun Malam da hannu biyu. Lubna ta ja mayafi ta rufe fuska, daɗi kamar ya kashe ta.

Malam Zubair ya nemi gafara, murya ƙasa-ƙasa. Malam Ashafa ya ce an yafe, amma duk inda gutsuren ya shiga, shi Zubair zai kai cikakken da ƙafarsa. Daga cikin mayafi aka ji muryar Lubna: "A tura shi a matsayin fayil, Baba, kada a sake matse shi." Inno kuwa ta ce turmin nan ya zama 'yar'uwarta, ta sa shi cikin kayan ɗakin amarya, kuma duk wanda ya ƙara fitar da shi waje ba lulluɓi zai gamu da ita.

Kafin magariba saƙo ya shigo wayar Lubna.

"Kin wanke ni, Malamata. Da me zan biya ki?"

"Da abu ɗaya. Kada ka ƙara ba ni mamaki."

"Na tuba. Daga yau komai nawa sai ya bi ta hannunki."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura auren a masallacin unguwarsu a Kurfi. Mutanen Dutsin-Ma suka zo mota-mota, na Birchi da Tamawa ma ba a bar su a baya ba, don kowa na son ya ga yaron da Malam Ashafa ya nemi afuwarsa a gaban jama'a.

Da za a tafi da amarya, aka kai ta zaure ta yi sallama da mahaifinta. Ya sa aka kira ango ya durƙusa a gefenta. Malam ya dube su ya ce:

"Yazidu, na ba ka amanar katanga ka riƙe. Yau ga abin da katangar ke tsarewa. Lubna, kin tsaya wa gaskiya ranar da ni kaina na kauce mata, ki tsaya wa mijinki haka. Allah ya yi maku albarka, ya rufa maku asiri duniya da lahira, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

Muryarsa ta karye a kan amin ɗin. Daga cikin gida Inno ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, aka buɗe wa amarya ƙofar mota.